Mujiya, Jemage ko Gizo-gizo: Wace Dabbar Rakiya Ta Dace da Masihircinka?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin Dungeons & Dragons, wasan da ake taka rawar jaruman labari ana jefa dayis, da sabon masihirci ya san wannan gaɓar ta zaɓen dabbar rakiya. Takardar ɗan wasanka, wato jarumin da kake takawa, na gabanka, littafin sihirinsa da sihiri shida kacal yake farawa a matakin farko, kana cikin lissafi sai wani abokin wasa ya leƙo ya ce maka, "Ɗauki mujiya kawai ka huta." Shawarar ba ta banza ba ce, zan ma kare ta nan gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bi ta ido rufe, domin sau da yawa labarin da jagoran wasa, mai tafiyar da labarin da abokan gaba, ya shirya a lungunan birni yake ko a ƙarƙashin ƙasa, inda mujiyar za ta zame maka ado a kafaɗa.

Sihirin da muke magana a kai shi ne wanda littafin 'yan wasa na bugu na biyar, na shekarar 2014, ya kira Find Familiar. Ni dai dabbar rakiya nake ce wa abin da yake kirawowa. Sihirin mataki na ɗaya ne, ana ɗaukar awa guda ana yinsa, kuma yana cin gawayi da turaren wuta da ganyayyaki na tsabar zinari 10, waɗanda dole a ƙone su a kaskon tagulla. Idan ka bi ta hanyar tsafi, wato ba tare da ka kashe ɗaya daga cikin 'yan damarmakin yin sihiri da kake da su a rana ba, sai ka ƙara minti 10 a kai. Abin da zai bayyana ruhi ne da ya ari jikin ƙaramar dabba, kai ne kuma za ka zaɓi jikin daga cikin guda 15. Yana jin umarninka, kuna magana ta zuci muddin bai wuce ƙafa 100 daga inda kake ba, kana iya aron idonsa da kunnensa, kuma kana iya miƙa sihirin da ke buƙatar taɓawa ta jikinsa. Abu ɗaya ne aka hana shi: ba ya kai hari. Ko maciji mai dafi ka zaɓa, ba zai sari kowa ba. Wannan haramcin shi ne ginshiƙin duk zaɓin, domin da zarar ka cire faɗa daga lissafi, tambayar da ta rage ita ce wane ido da wace ƙafa ayarinku ya rasa.

Kafin a kai ga jikin dabba akwai mararrabar da ake yawan tsallakewa. Masihirci yana da wani sihirin na mataki na ɗaya da shi ma ke kiran abin da ba ya faɗa, wato hadimin ɓoye. Wannan ba dabba ba ne, wani ƙarfi ne marar siffa, marar tunani, wanda ido ba ya gani. Ɗan zare da ɗan guntun itace kawai yake buƙata, ba a ƙone komai, ba a biyan ko tsaba ɗaya. Awa guda yake yi ya watse. Makin ransa, wato adadin ɓarnar da zai iya jurewa, ɗaya ne, ƙarfinsa 2, tafiyar ƙafa 15 yake yi a duk umarni, kuma idan ya yi nisan da ya wuce ƙafa 60 sihirin ya ƙare. Yana ɗauko kaya, yana share ɗaki, yana hura wuta, yana buɗe akwati. Amma ba ya gani dominka, ba ya dawo maka da labari. Saboda haka idan gurbi ɗaya ne ya rage a littafinka, dabbar rakiya ce, babu tantama. Idan kuwa biyu ne, ɗauki duka, domin masihirci yana yin sihirin tsafi kai tsaye daga littafinsa ba sai ya shirya shi da safe ba. Sai ka raba musu aiki: duk akwatin da kake zargin akwai tarko a ciki, duk ƙofar da ba ka yarda da ita ba, hadimin ɓoye ne zai taɓa. Idan tarkon ya tashi, minti 10 ka yi asara. Da dabbar ka tura, da ka yi asarar zinari 10 da fiye da awa guda.

Yanzu ga mujiya, wadda ta cancanci a daɗe a kanta. Tashinta ƙafa 60 ne a zagaye ɗaya na faɗa, ninki biyu na tafiyar mutum. Tana gani a duhu har ƙafa 120, alhali jinsunan 'yan wasa masu ganin duhu galibi a ƙafa 60 suke tsayawa. Akwai wani abu kuma da sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba. A ƙa'idar wasan, mai ganin duhu yana ganin baƙin duhu ne kamar hasken magariba, babu launi, kuma binciken ido a irin wannan hasken yana zuwa da naƙasu, wato a jefa dayis biyu a ɗauki ƙarami. Mujiya tana da kaifin ji da gani wanda ke ba ta fifiko, wato a jefa dayis biyu a ɗauki babba, sai fifikon ya kashe naƙasun, ta koma jefa dayis ɗaya kamar da rana. Wannan ne ya sa babu mai gadin dare kamarta. Ayari yana barci a daji, ita tana kan reshe, duk abin da ya motsa ta sanar da kai ta zuci.

Abin da ya sa sunanta ya cika teburan wasa dai wani ne daban. Duk wanda ya bar gaban abokin gaba a tsakiyar faɗa, abokin gaban yana da damar kai masa sara ɗaya kyauta. Mujiya ba ta cikin wannan ƙa'idar idan tashi ta yi. To tun da an hana ta hari amma ba a hana ta aikin taimako ba, sai ta sauko ƙafa 30, ta kaɗa fiffike a fuskar dodo, ta koma ƙafa 30, shi kuma abokinka da zai kai sara ya samu fifiko: dayis biyu, a ɗauki babba. Ka duba lissafin. Idan yana buƙatar 11 ko sama a dayis mai fuska 20, damarsa rabi ce. Da fifiko ta koma kashi 75 cikin 100. Idan kuma akwai ɗan sanɗa, wato jarumin da ya ƙware a ɓuya da sata, a ayarin, wanda mugun saransa na ɓoye yake samuwa idan yana da fifiko, mujiyar ta zame masa babbar aminiya. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu wata dabbar a jerin 15 da za ta iya yin haka lami lafiya.

Sai dai makin ranta ɗaya ne, kariyarta 11, wato lambar da mai hari zai kai kafin ya same ta. Ƙaramin dodon nan gobilin, wanda kusan kowane ayari ke fara karo da shi, yana da ƙarin 4 a harbin bakarsa. Bakwai kawai yake nema a dayis, wato sau 14 cikin 20 zai same ta. Kibiya ɗaya, ta ɓace. Idan aka jefa sihirin ƙwallon wuta kuwa, ko ta yi nasarar kaucewa rabin ɓarnar ta ishe ta. Jagoran wasa mai hankali zai ƙyale ta zagaye ɗaya ko biyu, amma abokan gaba masu tunani ba za su zuba ido tsuntsuwa tana ta rufe musu ido ba. Kuma zinari 10 ba ƙaramin abu ba ne a farkon tafiya. Masihircin da tarihin rayuwarsa a takarda na masani ne, jakar kuɗin da yake farawa da ita zinari 10 ce cif. Ko da kuɗin ya samu, sai an nemo turaren wuta da kasko, abin da ba a tsinta a tsakiyar kogo.

Na san hujjar da wasu ke kawowa, cewa kibiyar da ta samu mujiya kibiya ce da ba ta samu masihirci ba, shi da makin ransa bai fi shida zuwa takwas ba a matakin farko. A lissafi hakan daidai ne. Amma ni ban taɓa jin daɗin wasan da ake mai da dabbar rakiya garkuwa ba. An ba ka halitta guda a duk wasan wadda aka gina ta don kallo da saurare da aike, wadda za ta iya zama da suna da hali da tarihi tsakaninku, sai ka mai da ita abin jefawa gaban kibiya. Teburin da ke kiran dabbar da sunanta, yake jin zafi idan ta ɓace, labarinsa ya fi armashi nesa ba kusa ba.

Shaho ba ya buƙatar dogon bayani. Tashinsa ɗaya da na mujiya, kariyarsa 13, idonsa ya ɗan fi nata kaifi da rana. Ba ya gani a duhu, kuma ba shi da wannan damar ta ficewa lafiya daga gaban maƙiyi. Idan labarinku na ayarin fatake ne a fili da rana tsaka, kana son mai hango ƙura daga nesa, ya yi. In ba haka ba mujiya ta rufe shi.

Jemage ne nake ganin an fi zalunta a wannan muhawarar. A takarda kamar bai kai ba: tashinsa ƙafa 30 ne kawai, rabin na mujiya. Amma shi ba da ido yake aiki ba. Yana gane duk abin da ke kewaye da shi har ƙafa 60 ta hanyar amsa kuwwar sautinsa, kuma wannan ya bambanta da ganin duhu bambanci mai girma. Mai ganin duhu ba ya ganin wanda ya yi layar zana. Ba ya gani a cikin hazo mai kauri, ba ya gani a duhun da aka haɗa da sihiri. Jemage duk waɗannan ba su dame shi ba. A ce ayarinku ya shiga wani tsohon kurkuku a ƙarƙashin ƙasa, kun ji motsi amma fitila ba ta nuna kowa. Masihircin da ke da jemage zai ari jinsa, ya ce wa mayaƙin ayari, "Yana bayan ginshiƙi na biyu, hagu da kai." A matakin farko babu sihirin da zai ba ka wannan da araha haka. Rauninsa a bayyane yake: idan aka kurmantar da shi, ko aka jefa sihirin da ke kashe sauti a wurin, ya makance. Kuma a ƙa'idar 2014, duk lokacin da kake aron jin dabbar, kai kanka ba ka gani ba ka ji, sai wani ya tsaya kusa da kai. Ramukan ƙarƙashin ƙasa ba su cika samun hanyar da ta miƙe ƙafa 120 ba, don haka dogon ganin mujiya ba ya samun wurin aiki. A can jemage nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Birni kuma duniya ce ta daban. A can ba gudu ake nema ba, ba a kuma neman hangen nesa. Abin da ake nema shi ne dabbar da za ta shiga ɗakin taron 'yan majalisar sarki ba wanda ya ɗaga kai. Mujiya a kan tagar fada da tsakar rana, kowane dogari ya san da walakin. Gizo-gizo kuwa wa zai kula da shi? Yana bin bango da rufin ɗaki a kife ba tare da an jefa masa dayis ba, yana da ƙarin 4 a sanɗa, yana gani a duhu har ƙafa 30, yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Tafiyarsa ƙafa 20 ce, mai nawa, amma akwai dabarar da ke rage wannan. Kana iya sallamar dabbar rakiya zuwa wata 'yar maɓoya ta sihiri, sannan ka sake fito da ita a duk wani fili da ke cikin ƙafa 30 daga gare ka. Rubutun sihirin bai ce sai kana ganin wurin ba, shi ya sa jagorori da yawa ke yarda ka fito da ita a bayan bango. Tambayi naka jagoran tun kafin a fara, kada sai kuna tsakiyar fada ku tsaya gardama. Idan ya yarda, gizo-gizo ya zama kunnen da za ka dasa a kowane ɗaki, kai kana zaune a waje cikin ƙafa 100 kana sauraro.

Wannan iyakar ta ƙafa 100 ita ce abin da ya fi komai muhimmanci a aikin leƙen asiri, kuma ita ce ke rage darajar masu dogon tashi. Mujiya tana ƙetare ta a zagaye biyu. Bayan nan ba ka gani ta idonta, ba kwa magana, sai ta dawo. Abin da za ta iya ba ka labari kuwa gwargwadon basirar tsuntsuwa ne, ko gwargwadon sassaucin jagoran wasa. Za ta iya cewa ta ga mutane da yawa da wuta. Ba lallai ta iya cewa su 40 ne kuma tutarsu ta wane sarki ce ba.

Kyanwa ita ce zaɓin zuciya, kuma ba na ganin laifin wanda ya bi zuciyarsa a nan. Makin ranta 2, gudunta ƙafa 40, tana hawa ƙafa 30, sanɗarta daidai da ta gizo-gizo, hancinta mai kaifi ne. Babbar fa'idarta ba a rubuce take ba: kyanwa ba ta buƙatar ɓuya. Ko an gan ta a ɗakin girki ko a kan katanga, kyanwa ce kawai, wani ma shafa ta zai yi. Abin mamakin shi ne littafin 2014 bai ba ta ganin duhu ba, abin da ya daɗe yana ɓata wa 'yan wasa rai, sai a gyaran 2024 aka ba ta. Idan teburinku na bin tsohuwar ƙa'ida kuma ɗan wasanka mutum ne marar ganin duhu, ka sani kyanwar ba za ta cike maka wannan giɓin ba. Ɓera yana da ganin duhu na ƙafa 30 da hanci mai kyau, amma kariyarsa 10 ce, kuma shi ne dabbar da duk wanda ya gani zai ɗauki sanda. Akwai kuma wata 'yar siririyar dabba mai kama da tunku a jerin, wadda ta fi kowa sanɗa da ƙarin 5, ga kariya 13, ga ji da shinshina. Ba ta gani a duhu, ba ta hawa bango, amma a gida mai fitilu da masu gadi ita ce ta fi wuyar kamawa.

Hankaka yana da abin da babu mai shi. Yana kwaikwayon sautuka masu sauƙi da ya taɓa ji: raɗar mutum, kukan jariri, ƙarar wata dabba. Mai sauraro yana gane kwaikwayo ne idan ya ci gwajin fahimta na 10, wanda ba shi da wuya, don haka ba kullum dabarar ke ci ba. Amma ga ɗan wasa mai son warware matsala ba tare da an zare takobi ba, wannan kyauta ce babba. Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya ji kukan jariri a bayan rumbu, ya tafi dubawa, ayari ya wuce, ba a zubar da jinin kowa ba. Tashinsa ƙafa 50, kuma hankaka a kan rufin gida ba abin tambaya ba ne a kowane gari. Idan aka ce in zaɓi dabba ɗaya da ta fi dacewa da ruhin wannan sihirin, wato amfani ba tare da cutarwa ba, hankaka zan nuna, duk da cewa da dare makaho ne.

Na ruwa kuwa, kifi da dokin teku ba sa rayuwa a tudu, sai labarin da ake yi a cikin teku. Dabbar nan mai hannu takwas ta fi kowa makin rai da 3, tana iya riƙe numfashi minti 30 a wajen ruwa, amma tafiyarta a ƙasa ƙafa 5 ce. Ƙaguwa ce ta ba ni mamaki da na duba ta da kyau: tana numfashi a ruwa da tudu, tana gane abin da ke kewaye da ita har ƙafa 30 ba da ido ba, kamar ƙaramin jemage mai iyo. Ga labarin jiragen ruwa da tashoshinsu, ta fi ƙarfin a raina ta. Kwaɗo da ƙadangare da maciji, duk abin da suke yi akwai wanda ya fi su iyawa, sai dai in siffarsu ce ta dace da halin ɗan wasanka, wanda shi ma dalili ne mai kyau.

Boka, wani rukunin masu sihiri daban da masihirci, idan ya ɗauki zaɓin da ake kira alkawarin sarƙa a mataki na uku a ƙa'idar 2014, yana samun wasu siffofi huɗu na musamman na dabbar rakiya, ciki har da ƙaramin shaiɗani mai makin rai 10 da ke ɓacewa daga gani yadda ya so. Waɗannan sun fi duk dabbobin da na lissafa ƙarfi, amma bokan yana iya barin harinsa domin su su kai, don haka sun fita daga sahun masu zaman lafiya. Idan da su kake kwatantawa, wata maganar ce daban.

Ga yadda nake yanke hukunci idan aka tambaye ni. Na fara tambayar jagoran wasa inda rabin farko na labarin zai gudana. Daji da hanya da kwanan waje, mujiya. Kogo da kurkuku da kaburbura, jemage. Fada da kasuwa da makircin manya, gizo-gizo idan sauraro ake so, hankaka idan yaudarar masu gadi ake so, kyanwa idan ana son duka biyun kaɗan-kaɗan. Sannan na duba ayarin. Idan kowa yana gani a duhu, darajar mujiya ta ragu. Idan akwai ɗan sanɗa da ba shi da abokin tsayawa a gaba, ta ƙaru. Na kuma tambayi wace ƙa'ida ake bi, domin gyaran 2024 ya sauƙaƙa aron idon dabbar, ya mai da shi ƙaramin aiki na ƙari, ya cire makantar da ke kama mai sihirin, ya kuma buɗe ƙofa ga wasu ƙananan dabbobin da ba sa cikin tsohon jerin. A wannan ƙa'idar jemage ya ƙara daraja sosai, tun da kana iya aron jinsa kuma ka jefa sihirinka a zagaye ɗaya.

Zaɓin kuma ba aure ba ne. Ba a riƙe dabbar rakiya biyu a lokaci guda, amma idan ka sake yin sihirin alhali kana da ita, ruhin nan dai shi ne zai sauya jiki. Sunansa na nan, abin da kuka sha tare na nan. Saboda haka da zarar ayari ya samu kuɗin farko, sayi kayan ƙonawa na zinari 20 ko 30 ka ajiye a jaka tare da kaskonka. Daren da za ku bar daji ku shiga birni, ka zauna minti 70 a gefen wuta, mujiyar da ta yi muku gadi a hanya ta wayi gari gizo-gizo a cikin hannun rigarka.